Motar Marigayi Ta Tashi Ba Ƙara

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe.

Hannunsa na fara gani. Na je Kasuwar Guro a unguwar Adjamé sayen albasa, ledata ta fashe, sai ga wani hannu mai dogayen yatsu da agogon azurfa yana tsince mini su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai na ga farar riga ba ko ɗigon datti, a cikin wannan caɓin! Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, tun ina yarinya nake jiran ranar da wani zai sunkuya a gabana haka. Bari in kira shi Nasiru. Direba ne, amma a lokacin ba shi da mota a hannu.

Ina zaune ne a unguwar Treichville wurin yayata, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Wata guda kafin haɗuwata da Nasiru mijinta ya rasu, ya bar ta da yara biyu maza, ta shiga takaba. Yana da mota wadda yake ji da ita. Aka lulluɓe ta da tamfol a wani fili kusa da tashar Bassam inda gardi ke tsaro, aka ce kada wanda ya taɓa ta sai ƴan'uwansa sun zo daga garinsu Madawa an raba gado. Makulli ɗaya ne, yana cikin akwatin Yaya a ƙarƙashin zannuwanta.

Ni da bakina na ba Nasiru labarin motar, don in burge shi. Ya kama kai ya ce, "Wata nawa? Kuna kashe ta ne, wallahi. Mota kamar doki take, in ta kwanta ƙafa sagewa take." Na ce dukiyar marayu ce. Ya ce, "To marayun kike so su gaji gawa?" Ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Kin taɓa ganin teku da yamma daga gaban mota, gimbiya?"

Ranar Lahadi Yaya na sallar walaha na zare makullin. Ban tsaya nan ba. Mai takaba ba ta ado, kayanta na fita suna ninke ba mai sa su, sai na ɗauki koren mayafinta mai duwatsu, wanda marigayi ya kawo mata daga Makka. Me ya kai ni? Ina so in yi kama da matar mai mota.

Nasiru ya shiga filin ya ce wa gardi Madam ce ta aiko shi ya ɗumama mota. Ni na tsaya bakin ƙofa na ja mayafi na rufe rabin fuska. Ya murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Ya sake, sau uku, sannan ta kama da wata irin ƙara, kaf-kaf-kaf-kaf, kamar ana dukan tukunya da ludayi daga ciki. Anti, na ce a raina marigayi ne ke buga mana gargaɗi. Can ƙarar ta lafa. Da na shiga motar a kwanar titi ina haki, dariya ya yi mini. Ya ce in mota ta daɗe a kwance baƙin mai duk gangarawa ƙasa yake, ƙarafan sama su bushe, sai sun goge juna kafin mai ya hau. "Kin ji kukanta ko? Ƙishi ne. Mu muka cece ta."

Na yarda, don ina son in yarda. Duk Lahadi na ce wa Yaya zan je Adjamé wurin ƙawata, mu kuwa sai bakin teku a Bassam. Mu sha ruwan kwakwa, ya kira ni da sunaye masu daɗi, iska na kaɗa mayafin da ba nawa ba. Allah shaida ba abin da ya shiga tsakaninmu da ya wuce hira. Kafin la'asar mota ta koma ƙarƙashin tamfol, an share yashi, makulli ya koma akwati. Daga Lahadi ta biyu ba ta ƙara yin wannan ƙarar ba, ni har murna nake.

Bayan Yaya ta fita takaba, wan marigayi, Alhaji Isufu, ya iso da ƙannensa biyu. An riga an yi magana cewa za a bar mata yaran su ci gaba da lakkol, wato makaranta, a nan. Muka ɗunguma filin tare da makanikin marigayi, wani dattijo Bajule, wato ɗan ƙabilar Jula, wanda ya zo da batir a kafaɗa. Yana cire tamfol yana cewa, "Alhaji, kada ku tsorata. Wata biyar ba wasa ba. Da wuya ta tashi da batirinta, in ma ta tashi za ku ji ƙara kamar za ta tarwatse. Yadda suke yi ke nan."

Ya murɗa sau ɗaya. Ta tashi lumui, kamar mage na gurnani.

Ni a raina ina roƙon Allah, ka sa ta yi ƙara, ko sau ɗaya, ko kaɗan. Dattijon ya kasa kunne, ya buɗe gaba, ya zaro sandar mai ya duba, ya shafa taya. Ya ce a hankali, "Wannan ko sati biyu ba ta yi a kwance ba."

Aka kira gardi. Ya ce ai wani saurayi na zuwa duk Lahadi da makulli, yana cewa Madam ce ta aiko shi. Alhaji ya ce, "Shi kaɗai?" Ya ce a'a, da mace tana jiransa a ƙofa, bai ga fuska ba, amma ya san mayafin, kore mai duwatsu, Madam ta sha zuwa da shi lokacin maigida na da rai.

Alhaji Isufu ya juyo ya dubi Yaya. "Hajiya, a cikin takabar ƙanena?"

Ta ce, "Wallahi Alhaji ko ƙofar gida ban taka ba."

"To makulli fa? Ƙafa ya yi? Mayafin ma tashi ya yi?"

Ina tsaye a bayanta, ɗan ƙaraminta na riƙe da zanena. Kalma ɗaya ce ta rage, in ce ni ce. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Yaya ta waiwayo ta kalle ni, kallon bai fi ƙiftawa biyu ba, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya sani." Ba ta ƙara ba. Shin ta gane? Har yau ban sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ke cina.

Bayan kwana huɗu suka tafi da yaran Madawa. Alhaji ya ce ba zai bar jinin ƙanensa a hannun macen da ba a san inda take zuwa ba, sai ranar da ta faɗi gaskiya. Nasiru kuwa da na kira shi ina kuka, cewa ya yi, "Yako, sannu, amma ni ban san zancen ba." Layinsa bai sake shiga ba.

Shekara uku ke nan. Yaya tana sayar da kayan miya a Kasuwar Guro, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Mutum biyu sun fito neman aurenta, da suka yi bincike a unguwa suka janye. Matan da ke cika ɗakinta da can, yanzu a bakin ƙofa suke gaishe ta. Duk Juma'a tana kiran yaran, babban ya daina cewa Mama, sai dai ya ce "ina wuni" ya miƙa wa ƙanensa waya. Kuma ita ce ke haɗa mini kayan ɗaki, domin saura sati uku a ɗaura mini aure da wani malamin makaranta, mutumin kirki, wanda ya ce natsuwata ce ta ja shi gare ni.

Jiya Alhaji Isufu ya aiko cewa zai kawo yaran bikin, kwana bakwai, sannan ya koma da su. Tun da saƙon ya zo Yaya ke wanke zanen gado tana waƙa. Ta ce mini, "Auta, albarkacinki zan ga ƴaƴana."

In na yi magana a gaban Alhaji, wataƙila ya bar mata su, amma aurena ya watse, kuma duk Treichville za ta san ni ce mai koren mayafi. In na bari sai bayan ɗaurin aure, na yaudari bawan Allah. In na yi shiru, rana ta takwas zan raka ta tasha in ga an sake ɓamɓare ƙaramin daga jikinta. Ina tsoron Alhaji, ina tsoron wanda zan aura, amma na fi tsoron in durƙusa gaban Yaya ta ce mini, "Ai na sani."

Don Allah ku faɗa mini, wa zan fara tunkara, kuma da wane baki? Me zan yi?