Na Ce wa Alƙali Kurman Ya Yafe

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karantawa. Ya haƙuri da wannan zamani? Ina roƙon a ɓoye sunana da na garinmu, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ni dattijo ne, babu baƙin gashi ko ɗaya a gemuna, karatuna na boko kuma bai wuce na yaƙi da jahilci ba, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Wanda zai zage ni, don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe. Ba wanke kaina na zo yi ba, shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure mini.

Mu manoma ne a wani ƙauye tsakanin Makoɗa da Kunci, inda gona take manne da gona, layin gamba kawai ke raba taka da ta wani. Maƙwabcin gonata kurma ne, zan kira shi Ilu. Haka aka haife shi, ba ya ji, ba ya magana. Tare muka tashi, tare muka yi kiwon awaki, a wurin kiwon nan na koyi maganar hannunsa ban ma san ina koya ba. Bai je wata makarantar kurame ba, maganarsa tasa ce shi da mahaifiyarsa, da ta rasu sai ya zama ni kaɗai nake jin ta sosai. Kowa a garin yana da suna a hannun Ilu. Mai unguwa, sai ya zagaya yatsa a kai kamar naɗin rawani. Ni, sai ya ja kunne, saboda kunnuwana manya ne. Ɗan ƙanwata Sabo kuwa wushirya ce da shi, sai ya ɗora yatsa a haƙoran gaba. In za a sayi akuyar Ilu ni ake kira, in ba shi da lafiya ni nake gaya wa malamin asibiti inda ke masa ciwo. Ni ne bakinsa.

Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsakar bununi. Waɗanda suka gan ta sun san abin da nake nufi, gidaje da yawa sai tafasa da rama ake dafawa a kwana a kai. Gonar Ilu tana cikin kwari, gyaɗarsa ta yi. Ya cire ta ya kife a gona tana shan iska. Ranar wata Juma'a maza duk mun tafi masallaci a gari, shi ya tsaya gadi. Sabo, a lokacin saurayi ne mai ƙarfi, ya shiga da buhu yana tsinka. Ilu ya riƙe buhun. Sabo ya ɗauki ƙotar fartanya ya yi ta dukansa a ka da fuska. Mata masu neman itace ne suka tsince shi cikin jini. Ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Ku tuna fa, kurma da ido yake ji. Wanda ya tsiyaye masa ido ɗaya, rabin duniyar da ta rage masa ya ɗauke.

Ba a sha wahalar gano mai laifi ba, don tun a gadon asibiti Ilu yake ta ɗora yatsa a haƙoransa, kowa kuma ya san sunan wane ne. Mijin yayar Ilu ya kai ƙara kotun alƙali, aka ce ni zan yi tafinta. Kafin ranar zama ƙanwata Dije, uwar Sabo, ta same ni a zaure ta zauna a ƙasa tana kuka.

"Yaya, shi kaɗai ne namiji a ɗakina. Ubansa ya mutu. In aka ɗaure shi wa zai yi mini noma?"

Na ce, "Dije, ido fa ya cire wa bawan Allah."

Ta ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ka dai sassauta. Ai bakin naka ne."

A kotu alƙali ya ce in ji tsoron Allah, in faɗi abin da mutumin nan ya faɗa, kar in ƙara kar in rage. Na ce na ji. Kuma wallahi da farko haka na yi. Ilu ya nuna buhu, na ce buhu. Ya nuna ƙota, na ce ƙota. Ya ɗora yatsa a haƙori, na ce Sabo, Dije tana bayana ina jin numfashinta. Sai alƙali ya ce, "Tambaye shi abin da yake nema. Hakkinsa yake so a bi masa, ko diyya, ko kuwa ya yi afuwa?" Ban jera wa Ilu ukun nan ba. Hannu kawai na juya, wato "yanzu fa?" Ilu ya nuna idonsa, ya nuna wajen da gonarsa take, sannan ya kakkaɓe tafin hannunsa ɗaya a kan ɗaya ya buɗe su. Na san wannan alamar tun muna yara. Ita yake yi in tuwo ya ƙare a akushi, ita ya yi ranar da aka binne mahaifiyarsa. Ma'anarta babu, komai ya ƙare, an gama da ni. Amma ga mai kallo daga gefe, kamar mutum ne ya ce na wanke hannuna daga maganar. Na ji wani a baya ya ce, "Allahu Akbar, kamar fa haƙura ya yi." Alƙali ya dube ni ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ya ce ya yafe."

Alƙalin nan bai yi gaggawa ba, hakkinsa ne in faɗa. Cewa ya yi, "Sake tambayarsa, in ga amsarsa da idona." Na juya na tambayi Ilu da hannu, idon yana ciwo har yanzu? Ya gyaɗa kai da ƙarfi. Shi ke nan. Aka yi wa Sabo faɗa, aka sallame shi. Jama'a suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Ilu suna sa masa albarka, shi kuma yana murmushi, ya zaci murnar ya ci shari'a ake taya shi. A hanyar gida ya ga Sabo na tafe a gabanmu babu ankwa, ya tsaya ya dube ni. Na nuna masa kudu, wajen Kano, na ce maganar ta tafi wurin manya, sai ya yi haƙuri. Ya yarda. Me zai hana ya yarda? Ni ne fa.

Shekaru suna ta wucewa, duk sanda Sabo ya gifta a kan babur sai Ilu ya taɓa ni ya juya hannu, yaushe? Ni kuma in nuna kudu. A gari sunansa ya koma Ilu mai haƙuri. Liman ya sha kafa misali da shi a wa'azi, ga kurma an cire masa ido ya yafe, ku masu baki kun kasa yafe kashin awaki a ƙofar gida. Ina sahun gaba ina cewa na'am. Nakan yi masa huɗa da shanuna kafin in yi tawa, in aika masa da tuwo, in ce a raina ina rage nauyi. Wane nauyi? Mutumin ma godiya yake mini.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kun san halin da ake ciki, taki ya gagari talaka, sata ta yi yawa, akuya a turke ma ba ta tsira ba. Akwai wani gurgu da ke gyaran takalma a bakin kasuwarmu, da hannu yake tafiya, da hannu yake tuƙa kekensa. Ya ga Sabo yana kwance akuyar wata mata, ya yi magana, mutane suka taru. Bayan kasuwa ta watse Sabo ya tare shi a hanyar cikin gonaki da rana tsaka, ya kifar da keken, ya karya masa hannu biyu da gora. Mutumin da hannu ne ƙafarsa, hannu ne abincinsa. Wani ya ɗauki hotonsa a waya yana kwance a cikin kunyar gona, abin ya bazu ko'ina, wataƙila ma wasunku sun gani. Wannan karon mai baki aka taɓa, ya faɗi suna da bakinsa. An kama Sabo, kotu ta same shi da laifi, saura yanke hukunci.

Tun daga nan babu zancen da ake yi sai wannan. A rediyo masu kira suna ta cewa a rataye shi. A teburin mai shayi wani ya ce, "Ai bai kashe ba, rataya ta me?" Wani ya ce, "To a karya nasa hannuwan a sa shi a keken, mu ga yadda zai tuƙa." Wani malamin makaranta ya ce ɗauri mai tsawo ya fi, ya ce abin da ke sa ake taɓa naƙasassu shi ne an san dattawa za su zauna a zaure su kashe maganar. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Baba?" Na ce Allah Ya kyauta, na tashi na bar shayina. Ranar zaman da ya wuce guragu da makafi da kurame sun cika ƙofar kotu, wasu daga nesa suka zo a kan kekunansu cikin rana. Na ratsa ta tsakiyarsu kaina a ƙasa, wani makaho har yana ce mini, "A yi wa Baba hanya."

Lauyan Sabo ya zo gida ya same ni. Ya ce abin da zai rage masa shekaru shi ne a nuna wannan ne karonsa na farko, yunwa da zafin zuciya suka ja shi. Yana so dattijo mai mutunci ya tsaya ya shaida halinsa. Na ce, "Akwai fa wata tsohuwar magana." Ya ce, "Na ji labarinta, Baba. Ai mai hakki ya yafe, ba a yanke masa komai ba. A wurin doka bai taɓa laifi ba." Dije ta tsufa, idonta ya yi rauni, 'ya'yan Sabo da matarsa duk suna gidana ina ciyarwa. Ta riƙe bakin rigata ta ce, "Yaya, in aka yi masa ɗaurin da ake faɗa a rediyo, ba zan sake ganinsa ba sai a lahira."

Na je gidan yari na gan shi. Na ce, "Sabo, me gurgun nan ya yi maka da zafi haka?" Ya matso jikin ƙarfen da ke tsakaninmu ya rage murya ya ce, "Kawu, ka yi mini irin ta wancan karon." Ashe ya sani. Shekarun nan duka ina zaton daga ni sai Allah, ashe yaron ya gane tun a ranar, abin da ya koya kuwa shi ne irin waɗannan mutane ana taɓa su a kwana lafiya. Wa ya koya masa? Hannuwan gurgun nan, shi kaɗai ya karya su?

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga Ilu ya same ni a gona ina sassabe. Wani ya nuna masa hoton a waya. Ya ɗora yatsa a haƙori, ya nuna hannuwansa biyu ya yi alamar karyawa, ya nuna ramin idonsa. Sannan ya buga ƙirjinsa, ya ja kunne, wato ni, ya nuna hanyar gari. Mu tafi tare, yake cewa. Manyan da ka ce in jira sun zauna, lokaci ya yi, ka zo ka faɗa musu nawa. Har ya wanke rigarsa ta Sallah ya shanya. Masu tafintan kurame na birni ba za su ji maganarsa ba, sai ni.

Zaman yanke hukunci mako mai zuwa ne, mutum biyu kuma suna jiran bakina a rana ɗaya. In na tsaya wa Sabo, na sake binne Ilu da ransa, na haɗa da gurgun, wataƙila kuma Sabo ya fito da sauran ƙarfinsa ya sami na uku. In na kai Ilu na faɗi gaskiya, ni da bakina na ƙara wa ɗan ƙanwata shekarun da uwarsa ba za ta kai ba, yaran da ke cin tuwo a gidana su tashi sun san ni na yi. Ban ma sani ba ko kotu za ta saurari tsohuwar magana, ko ni ma kama ni za a yi, wannan bai dame ni sosai ba. Abin da na kasa shi ne, kafin mu hau mota dole in tsaya a gaban Ilu in gaya masa da hannuna cewa babu wasu manya a Kano, ba a taɓa kai maganarsa ko'ina ba, ni na kashe ta. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, hannun ya ƙi tashi. Na yi tunanin in kwanta in ce ba ni da lafiya ranar, amma Ilu zai zo ya zauna a ƙofar gidana da wankakkiyar rigarsa yana jira.

Na yi istigfari, amma malamai sun ce hakkin wani sai mai shi ya yafe, ni kuwa na riga na ci yafiyar mutumin nan da ƙarya tun bai ba ni ba. Masu ilimin addini da masu sanin doka a cikinku, da ku naƙasassu da kuke karanta wannan shafi, musamman ku, ku dubi Allah ku gaya mini. Wa zan bi ranar nan, kuma da wace fuska? Ni dai dabarata ta ƙare. Me zan yi?