Karen Ƙofar Ɗakina

Bamako, 1953

Zuwa ga Yaya Cindo, a Dakoro.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya garke?

Ni lafiya lau, karatun likitan dabbobi na tafiya. Sai dai karen da ke kwanciya ƙofar ɗakina ba shi da lafiya. Cikinsa ya kumbura, gashi na zuba, ruwa ba ya isar shi. Malaminmu na lakwal, makarantar da nake karatu, ya ce ƙari ne kusa da ƙoda ke ɓata mashi jini, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma babu magani.

Kada ka yi dariya, Yaya. Shekara biyu ke nan, shi kaɗai nake yi ma Hausa a garin nan.

Inna ta sa ni cikin addu'a. Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Ƙanenka,
Mijinyawa