Akwatin da Ya Manta Sunansa

Litinin, 9 ga Fabrairu
Ruwa bai tsagaita ba. Yaya Danang, shugabanmu a ofis, ya sa an sabunta laburare, wato tarin umarnin kwamfuta da shafin gargaɗin ambaliya ke aiki da shi. Ni ce mai kula da shafin. Idan ya nuna kore, lafiya; ja kuwa, a tashi. Na nuna shakka, ya ce, "Sekar, ke komai tsoro, ko inuwarki." Na yi dariyar yaƙe.

Talata, 10 ga Fabrairu
Kore tun jiya, lambar tsayin kogi ba ta motsa ba. Da wannan ruwan?

Laraba, 11 ga Fabrairu
Na gano. Shafin kan tambayi laburare da wane suna aka zaɓo akwatin da ke nuna tsayin kogi, sannan ya koma ya zuba sabuwar lamba a ciki. Sabon laburaren ya daina riƙe sunan. Ka tambaya, ya ba ka wayam, kuma ba ya ko ƙorafi. Lambar Litinin ce zaune, ƙauyukan bakin kogin Solo suna kallonta.

Na kira Inna, tana ɗaya daga ƙauyukan nan. Ta ce ruwa ya fara lasar matakalar masallaci, maƙwabta sun kwashe, ita tana nan.
"Inna, me kike jira?"
"Kore ne a waya. Na ce musu 'yata ce ke yin abin, ba ta ƙarya."

Na ce ta fita yanzu yanzu, ta ce awakinta fa, sai layin ya yanke. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na bar roƙon laburare, na rubuta sunan akwatin da hannuna na miƙa wa shafin. Ina sabuntawa ya koma ja. Yaya Danang ya tsaya a bayana yana kallon shafin.

Wayar Inna ba ta shiga.

Alhamis, 12 ga Fabrairu
Inna tana makarantar kan tudu. Kawu Slamet ne ya ɗauko ta a kwalekwale. Ruwa ya tafi da awaki biyu, da shinkafar shuka. Ba ta ce mini komai a kai ba, tambayata kawai ta yi ko na ci abinci. Da ma zagina ta yi.

Asabar, 21 ga Fabrairu
Shafi lafiya ƙalau, na gwada har na gaji. Da asuba na kira Inna na tambaye ta ina ruwa ya tsaya a matakala, sannan na buɗe kwamfuta na duba ko lambar ta dace. Jiya ma haka. Gaisuwa ce kawai.