Tarin da Kake Ɓoye Mini

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina da ya jiƙa busasshiyar zuciyata,

Na zaɓi takarda ne domin sau uku ina buɗe baki a gabanka, sai in ɓige da wata maganar daban.

Ka tuna ranar da aka liƙa sunayen ɗalibai uku daga ajinmu da za su yi binciken nanoteknoloji, wato kimiyyar ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, tare da Farfesa? Naka ne na biyu. Fuskarka ta haska kamar gari ya waye bayan ruwan sama. Bayan mako guda ka shigar da ni ɗakin gwajin, ka sa mini farar rigar da ta yi mini yawa, ka nuna mini zaren kabon a fuskar kwamfuta. Ka ce dubunsu a haɗe ba su kai kaurin gashina guda ba. Na ce to don me abin da ido ba ya gani ya fi ni samun lokacinka? Ka yi dariya har ka dafa tebur. Wayyo, wannan dariyar! Wane tsuntsu ne ya taɓa rera waƙa mai daɗinta?

Yanzu ba ka kai ƙarshen dariya sai tari ya tare ta.

Rabin raina, kana tsammanin ban gani ba? Na ga yadda kake naɗe hankicinka da sauri, na kuma ga baƙin da ke jikinsa. Na ga na'urar zuƙe iska da kake auna baƙar hodar kabon ɗin nan a ƙarƙashinta. Ƙyallen da aka ɗaura a bakinta don ya riƙa kaɗawa idan tana aiki, yana rataye ba motsi tun farkon zango. Baba mai kula da ɗakin ya gaya mini sau biyu yana rubuta takardar neman gyara. Farfesa ya ce a bari sai an tura sakamako, tunda a ƙarshen wata za a zaɓi ɗalibi ɗaya ya tafi babbar cibiyar bincike. Na nemi yarinyar da ta zauna a kan kujerarka bara. Mun hau bene tare, sau biyu tana tsayawa tana haki, riƙe da ƙarfen benen. Ta ce ita ma da ƙaiƙayin maƙogwaro ta fara.

Shekaranjiya Ummanka ta kira ni, ta tambayi abin da ya sauya maka murya. Na ce mura ce. Na yi wa dattijuwar nan ƙarya saboda kai.

To ga abin da na yi. Yau da safe na je ofishin shugaban sashe da hotunan na'urar da kwafin takardun Baba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “’Yata, kin san wanda wannan zai fi shafa?” Na ce na sani. Ranar Litinin za a garƙame ɗakin. Samfuranka na wata huɗu za su kwana a ciki, rahotonka ba zai isa a kan lokaci ba, kuma wani ne zai tafi a madadinka. Ba Baba ba ne ya kai ƙara, kada ka zarge shi. Ni ce.

Na san daren da ka raya da ranar da ka sha a kan wannan dama. Na san kai ne na farko a gidanku da ya taka jami'a. Amma ya tauraron asubahina, me zan yi da sunanka a saman takardar bincike idan ƙirjin da nake son in jingina da shi ya gaza ɗaukar iska? Wa zai kira ni da sunan nan na tsokana?

Abu ɗaya nake roƙo. Na karɓo maka katin asibitin makaranta, yana cikin ambulan ɗin nan. Laraba, ƙarfe tara, za a ɗauki hoton ƙirjinka. Zan zauna a bencin ƙofar. Ba sai ka gaishe ni ba, ba sai ka kalle ni ba. Ka wuce ni ka shiga kawai.

Taka har abada, ko ka yafe mini ko ba ka yafe ba,
Sarkin Tambaya