Ka Ƙara wa Waya Kunne

Zuwa ga sanyin randata, inuwar gorubata da tsakar rana, ruwan farko da ke shigowa fadama bayan ƙasa ta tsattsage. Zuwa ga sakataren ƙungiyar masunta a Guri, mai tebur, mai hatimi, mai wayar ofis da ba a ɗagawa. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga matarka Mairam, wadda ke zaune a Haɗejiya tana dafa ruwan wankan jego, zuciyarta kuwa ta fi tukunyar tafasa.

Autarmu Shamsiyya lafiya, jaririn ma lafiya. Ya ɗauko hancinka, Allah ya ba shi haƙuri. Na yi sabon ango ke nan, shi ma in na yi magana ba ya amsawa, amma shi kwanansa ashirin a duniya, yana da uzuri. Kai mene ne naka? Yau kwana tara ban ji muryarka ba. Tun da wayarka ta hannu ta sulluɓe cikin ruwa a gindin ciyawar kachalla, waccan baƙar wayar ta kan tebur ce kaɗai gadar da ke tsakanina da kai, ga shi ka janye gadar ka bar ni a tsallake. Kullum bayan la'asar ina kira, tana kuka a kunnena kamar akuyar da aka ɗaure a rana, har ta gaji ta yi shiru. Tuwo ya zame min ƙasa. Miyar kifi ta zame min ruwan rijiya. In balbela ta gifta ta yi gabas, sai in bi ta da ido har wuyana ya ƙage, ina cewa ko ita za ta ga rawaninka kafin ni.

Ka tuna shekarar babban ruwa, hasken idona? Kana tsakiyar kogi a kan goran kamun kifi, ni ina bakin gaɓa ina wanke tukwane, na sunkuya na raɗa wa ƙawata Saude cewa wancan mai dogon wuyan ya iya iyo. Raɗa fa, ko tukunyar da ke hannuna ba ta ji ba. Sai ga shi ka waiwayo, ka saki komar kamun kifinka, kifin wuni guda ya koma gidansu. A lokacin kana jin juyin karfasa a ƙarƙashin ruwa. Ina wannan kunnen ya tafi? Wa ka ara wa bai dawo da shi ba? Yanzu ko gauraka ta yi kuka a kan kafaɗarka, sai ka ce wa ke sallama.

Amma kai ba ka yarda kunnenka ya tsufa ba, waya ce ba ta da tarbiyya. Shi ya sa ka zauna da tabarau a kan hanci kana latsa duk abin da ya latsu. Shamsiyya ta daɗe tana aiki da irin wayar a ofishinsu, ta yi min bayani tana dariya har sai da na tsawata mata saboda ɗanyen jiki. Ta ce waya tana da baki, tana da kunne. Bakin shi ke faɗa maka abin da na ce. Kunnen shi ke kwaso naka ya kawo min, masu gyara na ce masa gen. To kai, gwanina, maimakon ka ƙara mata baki, sai ka shiga can ciki ka ƙara mata kunne har ƙarshe, ka kai shi goma.

Ka san abin da na sha tun daga ranar? Numfashinka na zuwa min kamar guguwar farkon damina. Ina jin taunar goronka kamar ana sussukar gero. Ina jin fankar ofis, da ƙudan da ke kan tabarma, da mai tallan rake a bakin titi, har cikinka in ya yi ƙugi ina iya faɗin abin da ka ci da safe. Muryarka kuwa, muryar nan da ta fi min zuma farar saƙa, tana isowa a fashe kamar kalangun da ruwa ya daka, da wani fito a bayanta mai huda ƙwaƙwalwa. Duk da haka ban taɓa ajiye waya ba. Wace mace ce za ta ji ƙugin cikin mijinta daga wani gari ta ce ba a sonta?

Sai ranar Talata. Na kira, ka ɗaga, ina gaishe ka kana ta cewa waye, waye, a ɗaga murya. Da ka ga ba ka ji, sai ka danna maɓallin da aka zana wa bakin algaita, wanda ke watsa magana ɗaki duka, ka kuma ƙure ƙararsa. Ka manta kana tsakiyar taro da mutum goma sha ɗaya. A nan ne na faɗi abin da na faɗa. Shekara arba'in da shida ina ce maka Malam, ina ce maka mai gidan nan, kamar yadda uwata ta yi, ita ma kamar yadda tata ta yi, ban taɓa ɗora sunanka a harshena ba. Ranar na ce: Badaru, tarwaɗata mai gashin baki, ni ce, kewarka ta hana ni sakat.

Saude ta zo barka shekaranjiya, ta kawo min sauran labarin, don mijinta Tasi'u yana cikin ɗakin. Ta ce har masu bandar kifi a bayan ofis sun ji. Ta ce ka miƙe tsaye ka kife hularka a kan waya kamar mai kama kaza. Ta ce yanzu daga bakin kogi har kasuwar kifi ba mai ce maka sakatare, sai Tarwaɗar Mairam, kuma Tasi'u in ya hango ka sai ya kama murza gashin bakinsa. Shi ne ka sauke ƙarar kiran waya har ƙasa, ta koma kurma kuma bebiya, ka zauna kana kallon fitilarta na ƙyaftawa kamar ba ka san wace ce ba.

Haba, ruwan sanyina. Kai da ka shiga ruwan da kada ke ciki ba ka ja da baya ba, dariyar Tasi'u ce za ta kore ka? Tasi'un da Saude ke kira da "kai wannan" shekara hamsin, ko a mafarki ba a taɓa kiransa da sunan kifi ba? Hassada ce ke sa shi murza baki, ba raha ba.

Ga roƙona, ka karanta a hankali, don hannun da ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci bai saba doguwar tafiya irin wannan ba. Waya tana ajiye, ka danna kibiyar sama sau huɗu, wannan ƙarar kira ce, don ka san na iso. In ka ɗaga ka kara a kunne, ka sake danna kibiyar nan ɗin dai, a lokacin bakinta take ƙarawa, sai ka ji ni tas. Shi kuwa kunnen da ka kai goma, ka bi ta inda ka shiga ka dawo da shi biyar, cikinka ya huta da tonon asiri. Bakin algaita kuma ka bar shi ya sarara. Ranar Alhamis bayan la'asar zan kira. In ta yi kuka sau bakwai ba ka ɗaga ba, zan bar mai jego da ruwanta a murhu, in hau motar masu kifi, in tsaya a ƙofar ofis in maimaita abin da na faɗa, ka kuwa san Allah bai yi min maɓallin ragewa ba.

Saura abu ɗaya, don kada in bar ka kana zagin waya a banza. Kana tsammanin ban san akwai mutane ba? Kai da kanka ka ba ta kunnen zomo. Na ji tarin Tasi'u, na ji ana kurɓar shayi, na ji wani na cewa a yi shiru uwargida ce. Na san a fili nake sarai. Ina rungume da jaririn nan mai hancinka, na duba hannuna duk ya yamutse, sai tsoro ya kama ni, kada in tafi da sunanka maƙale a maƙogwaro ba wanda ya taɓa jin yadda yake fita a bakina. Ranar ɗaurin aurenmu maza ne suka yi magana a ƙofar gida, ni ina ɗaki a lulluɓe, daga baya aka shigo aka ce min an yi. Ban taɓa yin nadama ba, amma ban taɓa amsawa da kaina ba. To ranar Talata na amsa, da bakina, gaban shaidu goma sha ɗaya. Ka ce wa Tasi'u ya ci gaba da yaɗawa, aikin shaida ke nan.

Ni ce taka tun gashina na baƙi har ya koma auduga, taka in kana ji, taka in ba ka ji, taka har ranar da za a kira ɗayanmu kiran da ba a ƙin ɗagawa.

Mairam