Gonar Baba a Littafin Jami'a

Daren Laraba, Malumfashi

Yau jami'ar bayan garinmu ta cika shekara goma, suka raba ɗan littafin tarihinta. Na samo ɗaya wajen maigadi. Ga hoton ajujuwa ukun farko, ga benaye, ga ɗakin karatun da ko leƙawa ba sa bari in yi. A shafin farko suka rubuta wai da can wurin daji ne. Daji, don rashin kunya. Gonar audugar Baba ce, shekara talatin yana nomanta kafin ya sayar musu.

Bayan isha'i Baba ya ce, "Kai sarkin baki, karanta mini. Sun sa sunana?"

Har na ɗauko zagin masu jami'ar, sai na ga yadda ya gyara zama. Na aza yatsa kan layin na ce, "An kafa ta a gonar Malam Sule manomi."

Baba ya ce, "Ashe 'yan halak ne. Gobe ka kawo shi majalisa, Malam Audu tela ya karanta wa jama'a su ji."

Malam Audu kuwa ya iya boko sarai. Ga littafin nan a gabana, barci ya ƙi zuwa.