Darasin Habiba Ya Tafi Yawon Metro

Ummukulthum 'yata,

Na tafi wajen abokina Munzali, sai magariba. Kin bar ni in yi wa jikata Habiba bitar lissafi, tunda gobe ne jarrabawar shiga makaranta. Mun fara, wallahi. Sai ta ce metro, jirgin ƙasan cikin gari, ba shi da direba. Na ce mu je in gani da idona. Daga tashar Mansura har ƙarshen layi ina leƙen inda direban ya ɓuya. Babu kowa! Lissafi kuwa ko shafi ɗaya ba mu gama ba.

Kada ki yi mata faɗa, malaminta ne ɗan aji uku. Kada wahalar karatun gidan da kika sha ta lalace a hannuna. Ki zauna da ita yau, ni ma ki ajiye mini kujera.

Babanki